Nawa ka ci?

Ranar 14 ga watan Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zauna gaban 'yan jarida, magana ta sarƙe masa, ya ciro hankici yana share hawaye. Abin da ya zo faɗa shi ne an samu tangarɗa a na'urorin hukumar, kuma tangarɗar ta lalata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Ya nemi afuwa, aka sake wa yaran jarrabawa. Nan fa aka yi ta ce-ce-ku-ce. Wasu na yaba masa da ya amsa laifi a ƙasar da manya ba su saba amsa laifi ba, wasu na cewa hawaye ba ya biyan bashi, ya ajiye aiki kawai.

Ni ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Abin da na yi ta juyawa shi ne 'yan kwanakin da suka shiga tsakanin fitar sakamako da amsa kuskure. A cikin kwanakin nan ne yaro ya tura saƙo zuwa 55019, amsa ta dawo masa da makin da ba nasa ba, ya kai wa mahaifinsa wayar hannunsa na rawa. Me aka ce masa? A gidaje nawa aka kira yaro daƙiƙi, aka lissafa masa kuɗin da aka kashe a kansa tun daga firamare, aka yi masa gori da ɗan maƙwabci? Jaridu sun ruwaito cewa wata yarinya 'yar shekara 19 a Legas ta hallaka kanta a tsakanin nan, bayan ta ga makinta. Farfesa ya samu damar yin kuka a gaban duniya har aka tausaya masa. Ina shakka ƙwarai ko yaran da aka yi wa kuskuren sun samu irin wannan dama ko da a ɗakin iyayensu mata.

Ba a gama da wannan ba sai ga WAEC. A ƙarshen watan Mayu takardar Ingilishi ta makara a wurare da dama har dare ya yi, muka ga hotunan yara suna rubuta jarrabawa da tocila da hasken waya. Da sakamako ya fito a farkon Agusta, hukumar ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka samu kiredit biyar haɗe da Ingilishi da lissafi. Ba a rufa mako ba ta dawo ta ce an yi kuskure wajen ba da maki, adadin gaskiya kashi 62.96 ne. Wato ɗaruruwan dubban yara sun kwana sun tashi a matsayin waɗanda suka faɗi, alhali sun ci. Wannan kam ba ta tsaya a Legas ba, ta shigo har cikin lungunanmu.

Mudun da muke auna 'ya'yanmu da shi ke nan. Masu mudun da bakinsu sun ce yana yoyo, amma mu iyaye har yau shi muke riƙe da shi kamar saukakken abu. Yaro ya shigo gida, kafin a ce masa sannu da dawowa an ce masa nawa ka ci.

Na daɗe ina koyarwa a wata sakandaren je-ka-ka-dawo, don haka ina zaton na san wahalar ɗalibai. Ashe ban san komai ba sai da abin ya zo gidanmu. 'Yar yayata ce, a lokacin tana aji shida na sakandare, yarinya mai ƙoƙari wadda tun tana firamare ake ce mata Likita a gida. Bari in zayyana muku ranarta. Ta tashi da asuba, ta yi salla, ta share tsakar gida, ta yi wanke-wanke, ta yi wa ƙannenta biyu wanka ta shirya su. Bakwai da rabi tana makaranta. A tashi ƙarfe biyu, a zarce lesin har la'asar. Ta dawo ta watsa ruwa, ta zura hijabi sai Islamiyya har gab da magariba. Asabar da Lahadi akwai hadda tun da sassafe. Da dare ta kama wa uwarta tuwo. Sai an gama cin abinci an kwashe kwanuka, gida ya yi tsit, sannan za ta buɗe littafin kimiyya, galibi da hasken waya don wuta ba ta da tabbas. Wata ƙawarta ta koya mata dabarar tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya ɗauke ta, tana haɗawa da Nescafé. Likitoci sun ce mai shekarunta yana bukatar barcin awa takwas zuwa goma a dare. Ita in ta samu huɗu ta gode Allah.

Babu wanda ya ga aibun wannan a gidan, har da ni. Alfahari ma muke yi. Baƙi su zo a ce ai Likita ba ta barci.

Sai ciwon kai ya fara. Aka je kemis aka karɓo maganin zazzaɓi. Sai ciwon ciki, aka ce ulsa ce. Sai rama da rashin cin abinci, aka yi gwaji aka ce taifod, aka yi ƙarin ruwa leda uku. Ta daina hira, ita da take cika gida da surutu. Ƙaramin abu sai ta rufe ƙannenta da faɗa, ko ta shige banɗaki ta daɗe, ta fito idanu jawur ta ce sabulu ne. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a aji ana tsakiyar gwaji, tana haki tana cewa numfashinta zai ɗauke, kafin yamma hukunci ya fito daga bakin 'yan uwa: mutanen ɓoye ne. Aka kira malami ya yi ruƙiyya, aka kawo hayaƙi da rubutu.

Bayan kwana biyu na je gidan na ce ta rako ni sayen kati. Muna tafe a ƙafa, ban tambaye ta komai ba sai da muka yi nisa. Na ce, “'Yar gidan Kawu, me ke damun ki?” Ta ce, “Lafiya lau, Kawu.” Na yi shiru. Mun kusa bakin titi sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kawu, ni fa in na buɗe littafi sai in ga rubutun yana watsewa. In karanta shafi sau biyar, in na rufe ba abin da ya zauna. Kuma Umma ta sayar da 'yan kunnenta aka biya mini kuɗin jarrabawa. Baba ya ce in ban ci ba shi ba shi da kuɗin maimaici, aure zai yi mini. Wallahi wani lokacin in na kwanta sai in ce da ma kada in tashi.”

Wannan jimla ta ƙarshe ita ta tsayar da ni cak a gefen hanya. Wata uku ana yawo da yarinyar nan daga kemis zuwa ɗakin gwaji zuwa gaban malami, babu wanda ya zauna ya tambaye ta abin da ke ranta. Muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ga fuskar nan kullum a gabanmu, mun ƙi tambaya.

A ganina wani ɓangare na matsalar daga bakinmu yake. A maganarmu ta yau da kullum mutum ko dai lafiyarsa lau, ko kuma ya taɓu. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma a nan yawancin masu wahala suke zaune, amma ba mu saba kiran sunan wurin ba. Kalmomin suna nan, akwai damuwa, akwai ƙunci, akwai fargaba, akwai firgita, akwai zullumi, sai dai mun ɗauke su kayan manya. Yaro ya ce yana cikin damuwa, sai a yi dariya: kai da ake ciyar da kai ake tufatar da kai, damuwar me? Haya kake biya? Ga kuma tarbiyyar da muka tashi da ita ta kunya da kawaici, wadda ta koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tarbiyya ce mai kyau a wurare da yawa, ni ma ina alfahari da ita. Amma yarinyar da aka koya wa haɗiye komai, in abin ya fi ƙarfin cikinta, ta jiki zai fito. Ciwon kai, ciwon ciki, bugun zuciya, suma. Jiki magayi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ajin da nake shiga yakan haura ɗalibai tamanin. Ku yi lissafin da kanku.

Zancen aljanu kuwa, ba zan ɓoye ra'ayina ba. Musulmi ne ni, na yi imani da samuwarsu, kuma ba ni da ja da addu'a. Amma wanda ya kai shekaruna a Kano zai tuna abin da aka kira Sumbuka a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata a makarantun sakandare suka riƙa faɗuwa rututu suna ihu suna fizge-fizge. An sha ganin makamancin haka a makarantun 'yan mata a Jamhuriyar Nijar. Abin da ban taɓa jin an tsaya an tambaya ba shi ne, me ya sa abin ya fi yawa a makaranta, kuma a tsakanin 'yan matan da suka fara girma, waɗanda aka tsare tsakanin buƙatar boko da buƙatar gida da maganar aure? A makarantarmu na lura faɗuwar takan yawaita in jarrabawa ta gabato. Ko ma mene ne asalin abin, yarinyar da ta faɗi tana da labari, kuma in aka gama tofi aka tashi ba a saurari labarin ba, za ta sake faɗuwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke jingina rashin tausayinmu ga addini. Yaro ya nuna ƙunci a ce masa raunin imani ne, ya je ya yi istigfari. Alhali Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, kuma babu mai cewa imaninsa ya yi rauni. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa. Kuma shi ne ya tarar da wani ƙaramin yaro, ƙanin Anas, cikin jimami saboda ɗan tsuntsunsa ya mutu, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Tsuntsu fa. Mu kuwa yaro ya rasa abin da ya yi shekara shida yana wa tanadi, sai mu ce ya tashi ya ba mu wuri. A ƙarshen Baƙara muna karanta cewa Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Mu muna ɗorawa.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a ɗakin malamai da majalisar unguwa: mu ma haka muka yi, an zane mu, mun yi kamun kunne da tsallen kwaɗo, mun yi karatu da aci-bal-bal, ga mu nan ba mu mutu ba. Kuma akwai wadda ta fi wannan ƙarfi. Arewa an bar mu a baya a boko, miliyoyin yaranmu ko makarantar ba sa zuwa, to wanda Allah ya sa ya samu dama sai kuma a ce a lallaɓa shi? Talakan da ya hana cikinsa ya biya kuɗin makaranta ba shi da ikon ya matsa a kawo masa sakamako? Wannan magana ba ta banza ba ce. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma ni ba na cikin masu son a mai da yara 'yan lele waɗanda ba a isa a ce musu tashi ka yi karatu ba. Ɗan tsoron jarrabawa ma yana da amfani, shi ke tayar da malalaci.

Sai dai masu cewa ba mu mutu ba, waɗanda suka tsira ne suke magana. Kowannenmu in ya yi tunani zai tuna wani ɗan ajinsu mai ƙwaƙwalwa da aka ce karatu ya juya masa kai, ya bar makaranta, yau yana yawo a kasuwa ko yana zaune a zaure ba ya magana da kowa. Shi ba a gayyatar sa majalisa ya faɗi nasa ra'ayin. Sannan gudun da muka yi da wanda yaran yau ke yi ba iri ɗaya ba ne. A zamanin iyayenmu mai takardar sakandare aiki ke neman sa. Yau kusan yara miliyan biyu ke zama jarrabawar JAMB a shekara, waɗanda ke samun gurbi a jami'a ba su kai rabi ba. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A jihar Kano ɗan makarantar gwamnati sai ya tsallake kwalifayin kafin gwamnati ta biya masa NECO, ga WAEC ga mai hali, ga JAMB da kwamfuta, wadda wani yaron ƙauye ranar jarrabawar ce ranarsa ta biyu ko ta uku da taɓa ta, ga kuma tantancewar jami'a a gaba. Ya tsallake duk wannan, ya duba gidansu ya ga yayansa da ya yi wata takwas a zaune lokacin yajin aikin ASUU na 2022, ya gama digiri da ƙyar, yanzu yana jan A Daidaita Sahu. Yaron nan ba makaho ba ne. Muna ce masa ya yi gudu, shi kuma yana hango inda hanyar ta ƙare.

Mu a zamaninmu in ka faɗi, kai da allon sanarwa ne da 'yan ajinku. Yau kafin ka iso gida 'yan ajinku sun ɗora makinsu a WhatsApp, makarantu masu zaman kansu sun buga hotunan zakarunsu a Facebook, gwaggo ta turo wa mahaifiyarka na ɗanta. Kuma mu ba mu taɓa kwana a makaranta muna kasa kunne ko za mu ji ƙarar babura ba. 'Yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 jarrabawar ƙarshe ce ta tara su a makarantar. Bayan su an yi Ƙanƙara a Disambar 2020, an yi Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, an yi Kuriga a Maris ɗin 2024. Yaron da ke makarantar kwana a Katsina ko Zamfara ya san waɗannan sunaye sarai, da su yake kwana a ransa, da safe kuma a ce ya warware lissafi.

Ga kuma cutar likitanci. Tun da aka kafa makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a ƙarshen shekarun 1970, sun fitar da likitoci da injiniyoyin da Arewa ke tinƙaho da su, wannan ba a musu. Amma sun bar mana wani tunani, cewa yaron kirki ajin kimiyya yake, saura kuwa tarkace ne. Kowace shekara ina ganin yaran da hannunsu ke zuba a rubutu ko zane ko lissafin kasuwanci, an tura su ajin kimiyya dole saboda uba yana son a riƙa ce masa baban Dakta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, in ji masu iya magana, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Yaro ya shekara uku yana kokawa da abin da ba ya shiga kansa, kullum shi ne a ƙasan aji, har ya yarda cewa shi ɗin ba shi da amfani. Daga nan hanya biyu ce ke buɗe masa da sauƙi. Ko satar amsa, wadda wasu iyayen da kansu ke biyan kuɗinta, ko kuma ƙwaya. Da yawa daga yaran da na ga sun faɗa tramadol ba don iskanci suka fara ba. Wani aboki ne ya ce ga abin da zai hana ka gajiya ka kwana kana karatu, ko ga abin da zai sa ka manta. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma dalilin da ke kai yaro ga kwalbar ba doka ce ke hana shi ba.

Mu malamai ma muna da namu kason, kuma ba kaɗan ba ne. Na taɓa tsayawa a taron safe ana kiran sunayen waɗanda suka zo na ƙarshe a kowane aji, ana fito da su gaba, sauran ɗalibai na yi musu ihu. Ban hana ba. Na sha zane yaro don ya ci uku cikin goma ba tare da na tambaye shi ko ya karya kumallo ba. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar a samar da malamin ba da shawara a makarantu. A inda na sani, ofishin nasa ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru, muƙamin kuma akan liƙa wa malamin da ba a san inda za a kai shi ba, ko wanda yara suka fi tsoro. Wane yaro ne zai kai sirrinsa wurin mai riƙe da bulala? Shugabannin makarantu za su ce babu kuɗi, kuma gaskiya ne. Amma daina tozarta na baya a gaban jama'a ba ya cin ko sisi. Haka ware malama ɗaya da malami ɗaya masu sanyin hali da riƙon amana, a rage musu darasi, a sanar da yara cewa ƙofarsu a buɗe take. Haka zama da malaman Islamiyya a daidaita jadawali a zangon jarrabawa, a sassauta hadda na wata biyu, tun da yaron ɗaya ne, kansa ma ɗaya ne.

Gwamnati kuwa, a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Abin a yaba ne. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kullum raguwa suke yi saboda masu ficewa waje. Akwai asibitin Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, akwai Dawanau a Kano, ga sassan da ke manyan asibitocin koyarwa. Sai dai sunayen nan sun zama abin zagi a bakinmu. Uwa ta gwammace ta kai 'yarta ko'ina ban da can, don kada a ji a ce gidan wane akwai taɓin hankali, aure ya gagara. Wannan tsoron ne ya sa wasu iyaye suka riƙa miƙa 'ya'yansu gidajen mari, har sai da 'yan sanda suka fasa wani a Rigasa a Satumbar 2019 aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Tun da likitocin ba su isa ba, kuma ba za su isa nan kusa ba, aikin ya dawo tsakar gida. Ba sai ka yi digiri ba kafin ka lura cewa yaronka ya daina cin abinci, ko barcinsa ya rikice, ko ya janye daga abokansa da ƙwallon da yake so, ko ya zama mai saurin fushi da kuka, ko makinsa ya faɗi warwas ba dalili. In irin wannan ya wuce mako biyu, ba shagwaɓa ba ce. In kuwa ka ji ya ce gara ya mutu ya huta, ko da cikin wasa ne, kada ka ce masa ya yi a'uziyya kawai ka wuce. Zauna ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Masana sun tabbatar tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin, sauƙi ma take kawo masa. A kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ranar. A yi addu'a a kuma nemi magani, ai duka biyun umarni ne. Kuma in yaro ba zai iya buɗe baki gaban mahaifinsa ba, wanda a al'adarmu ba abin mamaki ba ne, to don wannan Allah ya ba mu kawu da gwaggo da inna da kaka. Dangin nan da muke taƙama da su, amfaninsu ya wuce biki da suna.

Ranar da muka dawo daga sayen katin nan, na samu yayata a madafa na ce mata, “Yaya, yarinyar nan ba iska ke damun ta ba, mu ne.” Ta yi fushi da ni kwana biyu. Mijinta ya fi ta wuya, sai da na haɗa da wani baffansa da yake jin nauyi, shi ya sa shi ya janye maganar auren da bakinsa a gaban yarinyar. Aka ɗauke mata wanke-wanken safe aka ba ƙaninta, wanda ya yi ta gunaguni wai aikin mata ne. Malamin Islamiyyarsu, Allah ya saka masa, ya ce ta huta da hadda har bayan jarrabawa. Na kai ta wani asibiti muka yi layi tun safe har azahar, likitar ta zauna da ita kusan rabin awa, ta ce mu riƙa dawowa duk wata. Na ƙwace bokitin ruwan sanyin. Aka daina ce mata Likita, ko da yake kakarta har yau takan manta.

Ba ta warke a mako ɗaya ba. Akwai ranakun da ta koma shiru, akwai daren da uwarta ta kira ni ƙarfe ɗaya. Da sakamakon JAMB ya fito, gidana ta zo da wayar uwarta a hannu, saƙon ya shigo amma ta kasa buɗewa. Ta miƙo mini. Na ajiye wayar a kan tabarma na kife ta, na ce a kawo mana abinci tukuna. Muka ci, ta ba ni labarin wata malamarsu da ke cin gyaɗa a aji tana ɓoyewa a aljihun jaka, har ta yi dariya. Sai da aka yi la'asar muka buɗe. Makin bai kai na likitanci ba, ko kusa. Ta yi kuka sosai, na bar ta ta yi. Da ta share fuska sai ta ce, “Kawu, kai za ka faɗa wa Baba ko ni?” Na ce ta ɗauko hijabinta mu tafi tare.